Ɗan Bakatsiniyar Zugu da Neman Asali a Bakin Kwara

Wanda ya tsaya a bakin kogi a Malanville da hantsi ya fuskanci arewa, ƙasar Gaya yake hange. Tsakaninsa da ita akwai ruwan Kwara, wanda Dendawa da Zabarmawa ke kira Isa, da gadar da ta haɗa garuruwan biyu. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, masu kwale-kwale suka koma sana'ar kakanninsu gadan-gadan: buhunan hatsi, babura, mata da goyo, duk a jirgi aka riƙa tsallakar da su. A rumfar wani dattijo mai sayar da hatsi, kusa da mashigar nan, na taɓa tambaya, "Baba, ku mutanen ina ne asali?" Ya ce, "Ni nan aka haife ni, ɗana. Mahaifina daga wajen Jega ya zo. Kakana kuwa an ce falke ne, Gwanja yake zuwa." Na ce, "To, uban kakan fa, Baba?" Ya daɗe yana juya mudu a hannu kafin ya ce, "Wadda ta san wannan ta rasu bara waccan."

Amsar nan tasa ita ce amsar gidaje da yawa a garin. Malanville gari ne sabo. A farkon ƙarni na 20 ya taso, a kan wani yashi da mutanen wurin ke kira Tassi, daga baya Faransawa suka laƙaba masa sunan gwamnansu na Dahomey, Henri Malan. Kusan duk wanda ke cikinsa daga wani wuri iyayensa suka zo: Dendawa daga Karimama da Gaya, Zabarmawa daga Dosso, Hausawa daga Kabi da Arewa da Sakkwato da Gobir, Fulani, Yarbawa, Bargawa. Amma hanyar da garin ya zauna a kanta ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Tun zamanin Sarkin Kano Yakubu, a ƙarni na 15, tarihin Kano ya ambaci fatauci da Gwanja. Ayarin goro yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara a Illo ko a Gaya, ya gangara Kandi, ya sauka Zugu, wato Djougou ta yau, daga nan ya nufi Salga. Wata hanyar ta fi wannan kudu, ta Yawuri da Busa da Nikki. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana neman masauki, uban dawaki yana sasanta kuɗin fito da sarakunan hanya. Suna kai kanwa da rini da fata da dabbobi, su komo da goro a bayan jakuna. A 1826 Bature Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama, mutum wajen dubu. Ba kowa ke komawa gida ba. Wani ya yi aure a zango, wani bashi ya riƙe shi, wani ciwo, wani kuma malanta ce ta karɓe shi. Wasu kuwa, gara a faɗa tun yanzu, ba da ƙafar kansu suka bi hanyar ba, da igiya a wuya suka bi ta.

A wasu ƙasashe neman asali ba haka yake ba: idan Ba'amurke jikan Ingilishi ya tashi neman asalinsa, takarda yake bi. Tun 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowace majami'a a Ingila ta riƙa rubuta wankan baftisma da aure da jana'iza. Da jirgin Mayflower ya bar Plymouth a watan Satumban 1620 da fasinja 102, gwamnan ƙauyen da suka kafa, William Bradford, ya bar jerin sunayensu, da waɗanda sanyin farko ya kashe, kusan rabinsu ke nan, da 'ya'yan waɗanda suka rayu. Daga 1620 zuwa 1640 mutum wajen dubu 20 suka bi sawunsu zuwa yankin da suka kira Sabuwar Ingila. Da irin waɗannan littattafai aka gane cewa kakan kakannin Shugaba Abraham Lincoln wani saurayi ne, Samuel Lincoln, ɗan koyon saƙa, wanda ya baro Hingham ta lardin Norfolk a 1637 ya sauka wata Hingham ɗin a Massachusetts. Mai bincike yana farawa da kansa, ya koma baya ta ƙidayar jama'a da wasiyyoyi da takardun filaye, har ya kai ga sunan jirgi, sannan ya ƙetare teku zuwa littafin majami'ar ƙauye. Abin ya zama sana'a sosai, har a 1845 aka kafa ƙungiya ta musamman a Boston don wannan aiki kaɗai.

A shekarar nan ta 1845 da mutanen Boston ke zaune suna jera sunayen kakanninsu, wani saurayi ɗan wannan ƙasa tamu yana kwance cikin ɗakin ƙasa na jirgin bayi, a hanyar Brazil. Babu wanda ya rubuta sunansa a littafin jirgi. Tun 1831 dokar Brazil ta haramta shigo da bayi daga Afirka, saboda haka masu wannan fatauci ɓoye sawunsu suke yi. Duk da haka, yau an san garinsu, an san garin uwarsa, an san sana'ar kawunsa, an san hanyar da aka bi da shi zuwa teku. Sunansa kamar yadda Turawa suka rubuta shi ne Mahommah Gardo Baquaqua.

A Zugu aka haife shi, cikin shekarun 1820, a gidan Musulmi 'yan kasuwa. Mahaifinsa mutumin Nikki ne. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin gidan: ɗan Bargu ya auri 'yar fataken Katsina a garin da ayari ke yada zango, yara suka tashi da Dendanci a baki, domin shi ne harshen kasuwa da masallaci a unguwar baƙi ta Zugu, har gobe kuma shi ne harshen da ke haɗa Malanville da Kandi da Paraku da Djougou. Kawunsa, ɗan'uwan mahaifiyarsa, maƙeri ne mai aikin azurfa da ƙarfe, yana da dukiya a Salga. Wansa malami ne, shi ke koya masa karatun allo, kuma da yake malamin yana da zafi, yaron ya riƙa gudun makaranta, sai aka kai shi maƙerar kawu ya koyi yin allura da wuƙa. Duk wanda ya tashi a zango ya san irin wannan yaro, akwai shi a kowane gida.

Sau biyu aka kama shi. Na farko a Daboya, cikin ƙasar Gwanja, inda ya bi dako yaƙi ya rutsa da shi. Wansa ya fanshe shi ya komo gida. Daga nan ya shiga barantaka a fadar wani sarki kusa da Zugu, ya samu shiga, ya kuma samu maƙiya. Shi da bakinsa ya faɗi yadda na biyun ya auku: abokai suka ja shi ziyara wani ƙauye, aka yi ta zuba masa giya ana kambama shi, ya kwana cikin maye, ya farka ya tarar an sayar da shi. Bai ɓoye laifin kansa ba, wannan kuwa yana cikin abin da ya sa na yarda da sauran labarinsa. Aka yi kudu da shi hannu zuwa hannu, ta ƙasar Dahomey, har Wida.

A can kusa da teku wani abu ya faru wanda ya kamata mai neman asali ya tsaya a kansa. Ya gamu da wani mutumin ƙasarsu da aka sayar shekaru biyu kafin shi. Mutumin ya gane shi ta askin kansa, domin a zamanin kowace ƙasa da irin askinta. Ga mutum ba takarda, ba riga, ba 'yanci, amma kansa yana ɗauke da sunan garinsu. Wannan ita ce rajistarmu ta da: aski, da tsagar fuska, da zanen suna, da harshe.

A Pernambuco aka sauke su, a wani gefen gaɓa nesa da idon hukuma. Wani mai gidan burodi ya saye shi, ya sa shi dakon duwatsu da tallar burodi, in ciniki bai yi ba bulala. Wahala ta kai shi ga faɗawa ruwa don ya huta, aka tsamo shi. Aka sayar da shi zuwa Rio de Janeiro, ya faɗa hannun wani kyaftin, Clemente José da Costa, mai jirgin da ake kira Lembrança. A 1847 jirgin ya ɗauki kofi zuwa New York, ya isa a watan Yuni. A jihar New York an riga an hana bauta, kuma kalmar Turanci ta farko da saurayin ya koya a hanya ita ce mai nufin ɗa, wanda ba bawa ba. Masu yaƙi da bauta suka kai maganar kotu, alƙalai suka yanke cewa shi da wani bawa abokinsa ma'aikatan jirgi ne, a mayar da su ga kyaftin. Kafin a mayar da su, da dare, aka fitar da su daga kurkuku. Ya bi ta Boston ya shiga jirgin Haiti, ƙasar da bayi suka ƙwaci kansu tun 1804.

Abin lura a nan shi ne, a jaridun New York da takardun kotun babu Mahommah, babu Gardo. Sunan da suka rubuta shi ne José da Costa, sunan ubangijinsa. Da a ce iyakar abin da ya rage ke nan, da ya shiga sahun miliyoyin da suka ɓace. Ƙididdigar masana ta nuna mutum wajen miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen bayi daga Afirka, wajen miliyan 10 da dubu 700 suka sauka da rai. A ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860 ana rubuta bawa ne da shekarunsa da jinsinsa da launinsa a ƙarƙashin sunan mai shi. Sai a 1870 aka fara rubuta sunayensu. A Brazil kuwa, bayan an soke bauta ranar 13 ga Mayun 1888, ministan kuɗi Rui Barbosa ya ba da umarni a 1890 a ƙone takardun bayi da ke ma'aikatarsa.

A Port-au-Prince ya sha yunwa da rashin harshe, har wani ɗan mishan Ba'amurke, William Judd, da matarsa suka ɗauke shi. A 1848 ya shiga addinin Kirista. Na san wannan zai yi wa mai karatu Musulmi nauyi, ni ma ya yi mini. Sai dai ina roƙon a duba halin da yake ciki, a kuma duba abin da ya yi bayan nan. Ya yar da José, ya koma sunan da aka raɗa masa ranar suna a Zugu, da shi ya riƙa sa hannu a wasiƙunsa. A ƙarshen 1849 ya koma Amurka, ya shiga wata kwaleji a McGrawville cikin jihar New York, wadda ke karɓar baƙi da farare, maza da mata, ya yi wajen shekara uku. A 1853 ya riƙa rubuta wa 'yan mishan wasiƙa yana neman su tura shi Saliyo, don daga can ya samu hanyar gida. Ba su tura shi ba. Ya ƙetara Kanada, ya zauna Chatham, ya ba wani mai suna Samuel Moore labarinsa, aka buga ɗan littafin a Detroit a 1854, da niyyar a sayar ya samu guzuri. A farkon 1855 ya sauka Liverpool. Labarinsa na ƙarshe da ke rubuce na 1857 ne, yana Ingila, yana neman hanyar Afirka. Jikokin Ingilishi suna can Amurka suna neman ƙauyukan kakanninsu a Ingila, shi kuma ɗan Zugu yana tsaye a Ingila yana neman jirgin da zai kai shi wajen uwarsa. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan bawan Allah dai bai bar gida ba, fizge shi aka yi, kuma shekara goma sha biyu yana juyowa.

Littafin ya kwanta fiye da shekara ɗari ba wanda ya san inda ya dosa, saboda Samuel Moore da kunnen Bature ya rubuta sunayen. Masana biyu, Robin Law da Paul Lovejoy, su suka zauna suka warware shi, suka fitar da bugu mai sharhi a 2001. Hanyar da suka bi, kowa a Malanville zai iya binta. Suka ɗauki kowane suna suka tambayi wane gari ne a kan hanyar goro yake da irin wannan amo. Zoogoo ta zama Zugu. Kashna ta zama Katsina. Sal-gar ta zama Salga. Da-boy-ya ta zama Daboya. Gra-fe ta zama Glehue, sunan da mutanen wurin ke kiran Wida. Kalmomin da ya kawo na yarensu, har da ƙirga, suka fito Dendanci, irin wanda za ka ji yau a bakin mai sayar da kifi a bakin gada. Mahommah Muhammadu ne. Gardo kuwa Gado ne, sunan wanda ya biyo tagwaye, wanda a Kano aka fi cewa Gambo. Saboda haka daga sunansa kaɗai an san mahaifiyarsa ta haifi tagwaye kafin shi. Sannan suka ɗauko jaridun New York na 1847 da wasiƙun 'yan mishan da takardun kwaleji suka gwada da abin da ya faɗa, aka ga maganarsa ta tsaya.

Ba shi kaɗai ba ne ɗan ƙasashen nan da ya bar sawu a can. Yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804 sun zuba Hausawa masu yawa a Bahia, kuma su ne kan gaba a yunƙurin tawayen 1807 da tawayen 1814. A babban boren Musulmi na Salvador, cikin azumin watan Janairun 1835, 'yan sanda sun kama layu da alluna da takardu masu rubutun Larabci, wasunsu suna nan ajiye. A ƙarshen shekarun 1840 jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana tambayarsu garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga abin da suka faɗa a 1851. A Freetown ma wani Bajamushe, Sigismund Koelle, ya yi irin wannan da 'yantattun bayi, littafinsa ya fito a 1854. A duk waɗannan, abin da ya tsira shi ne abin da mutum ya haddace: sunan garinsu, sunan sarkin da ke ci lokacin da aka kama shi, kwana nawa daga wannan zango zuwa wancan.

Wannan ne ya dawo da ni rumfar dattijon nan. Mu ma muna da abin bi, sai dai ba a majami'a yake ba. Takardar haihuwa ta zamanin Faransa ba ta kai ko'ina. Tsofaffi da yawa a Benin da Nijar takardarsu ta kotu ce, an rubuta né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, kuma sau da yawa magatakarda ya murɗe sunan uba yadda jikoki ba za su gane shi ba. Amma akwai sunayen asali da fatake suka riƙe da haƙori. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka mamaye cinikin goro a ƙarni na 19, kowannensu da tsagarsa da garuruwansa da gidajen da yake aure. Da irin wannan aka san cewa Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne, mahaifiyarsa kuma ta yi zama a Accra tana kasuwanci, shi ya sa hanyar Gwanja ba baƙuwarsa ba ce. Akwai sunan yanka da ake maimaitawa, jika ya ci sunan kaka, har a riƙa ce masa Maigida ko Baba don kunya. Wanda ya jera waɗannan zai ga zuriya tana fitowa. Akwai taubasantaka, wadda ke tuna wa mutum wane ne ɗan kawunsa ko da an manta dalili. Akwai kirarin da maroƙi ke yi wa gida ranar biki, wanda a cikinsa sunayen garuruwa suke. Akwai kuma bayan bangon Alƙur'ani da kundin malamai, inda wasu suka rubuta ranar haihuwa da rasuwa da ajami. Na taɓa ganin irin wannan a gafakar wani gida: layi bakwai da tawadar gida, kowane layi haihuwa ɗaya, ɗaya an ɗaure shi da shekarar da fari suka zo. Gara ta cinye kusurwar takardar, ta tafi da sunan uwa.

Abin da ke hana mu tono shi ne tsoron abin da za a tarar. Kowa yana son a ce kakansa daga gabas ya zo, malami ne ko ɗan sarki. Ana gudun a ji cewa kaka baiwa ce da aka saya a Salga, ko kakan shi ne ya sayar. Ni a ganina wannan tsoro ya fi gara ɓarna. Hanyar da ta kawo goro ita ta kai Muhammadu Gado Wida, kuma hannayen da suka miƙa shi daga zango zuwa zango na mutanen ƙasar nan ne. Ingilishi ma da suka tono sun tarar da bayin kwantiragi da fursunoni dubbai da kotu ta kora zuwa Amurka, suka rubuta su a jerin kakanni. Baiwar da ta haifi kakanka uwarka ce, tana da suna da gari, kuma tana da haƙƙin a tuna da ita a addu'a.

Mata tsofaffi su ne ma'ajiyar wannan ilmi, domin su ke zuwa suna da biki da zaman makoki, su suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Duk mai kaka da rai a Malanville ko Gaya ko Kamba ko Kandi, ya saya mata goro ya je ya zauna. Kada ya ce mata, "Iya, ba ni tarihi," za ta ce ba ta sani ba. Ya ce, "Iya, wa ya yi miki tsagar nan? Sunan wa aka sa wa Baba? Da kakanmu zai tafi Gwanja, a gidan wa yake sauka a Zugu?" Ya kunna waya ya ɗauki muryarta, ya rubuta sunayen garuruwan yadda ta furta su, kada ya gyara, ya kuma ba kowane ɗaki na gidan kwafi ɗaya.